Ɗan Caca da Kyamara

Tun 1970 ake gasar karta ta duniya, wato poker, a Las Vegas ta Amurka. A 2003, da tashar ESPN ta riƙa nuna wa masu kallo katin da kowa ya ɓoye, sai 'yan caca suka gane cewa iyayi ma jari ne. Phil Hellmuth, zakaran 1989, ya yi suna wajen zazzaga masifa idan aka cinye shi. A 2009 da shigar Kaisar na Rum ya iso zauren, 'yan jarida na ta rububin ɗaukar hotonsa.

To, gwada saita kyamara a kan masu karta a wani lungun New Bell, can unguwar Hausawa ta Douala, ka ga gudun famfalaƙi! Na Amurka yana sa baƙin tabarau don kada abokin wasa ya karanci idonsa. Namu kuwa don kada liman ko surukinsa ya gane shi ne. Can wanda ya ci yakan yi hira da 'yan jarida. Nan rantsuwa yake cewa kallo kawai ya tsaya yi, kada masu binsa bashi su ji labari.