Mazauna Gindin Darbejiya

Tsakanin 1884 da 1886, wani mai zane Bafaranshe, Georges Seurat, ya yi ta zarya zuwa wani tsibiri a kogin Seine, daf da birnin Paris, yana zana masu shan iska ranar Lahadi. Mutanen hotonsa duk sun ƙame, ba mai ko tari. Da garinmu Ɗandume ya zo da ya sha wuya, don namu ba sa zama wuri ɗaya. Lambun shaƙatawarmu gindin darbejiya ne, da benci da tabarma, bayan La'asar, musamman in an gama kai amfanin gona gida.

Da Seurat ya zo, wurin dara zai fara tsayawa. Rami talatin a ƙasa, kowa da 'ya'ya goma sha biyu, masu wasa biyu, masu ba da shawara sun fi goma. Shugabansu wani dattijo ne da ba a taɓa ganin gwiwarsa a ƙasa ba. Yana tsaye, hannu a baya. Sai an ci mutum ya ce, "Ai tun ɗazu na gani, Malam, na dai yi shiru ne."

Gefe guda ga mai rediyo. Sashen Hausa na BBC tun 1957 yake watsa shiri, amma shi in ka ji yana maimaita labari sai ka rantse da shi aka kafa gidan. Rikicin Rasha da Yukiren kam, raba shi yake yi kafin Magariba.

Dillalin masara kuwa ba hutu ya kawo shi ba. Gaisuwarsa doguwa ce, "Ina gajiya, Alhaji? Ya iyali? Ya rumbu?" Ta ƙarshen ce gaisuwar. In ka ce kana da buhu ashirin, nan take farashi ya faɗi a Funtuwa, motocin Kudu ma ba su zo ba. Gobe in kai ne mai saye, masara ta yi tashin gwauron zabi.

Akwai mai barci, wanda ƙamshin balangu kaɗai ke tayarwa. Akwai kuma mai "bari in ɗan ɓara": goron kowa ya san haƙorinsa, nasa kuwa yana can ƙasan aljihu, naɗe a ganye, sai ya juya baya kamar zai yi atishawa sannan ya jefa a baki.