Bazazzagi Zai Yi Gandu a Kolorado

Farfesa na Tudun Wada, bawan Kanawa, ashe abin naka ya kai nan? Labari ya iso Kantin Kwari wai za ka bar Denba ka sayi eka 5 a gundumar Costilla ta jihar Kolorado, ka yi noma da kiwo, ka jibge abincin gwangwani don ranar da duniya za ta hargitse. Kai da ko barkonon bayan ɗaki bai taɓa rayuwa a hannunka ba! Allah ya sa albarka. Amma zauna Bakano ya yi maka lissafi, ku dai Turanci kuka iya.

Ka tambayi abin da ya sa filin yake arha? Ruwa, malam. A tsakiyar kwarin San Luis da gundumar take ciki, abin da ke sauka a shekara, har da ƙanƙara, da ƙyar yake kai milimita 200. Zariyarku tana samun wajen 1,000, kuma duk da haka kuna ƙorafi. Na san za ka gyara tabarau ka ce ai sai a haƙa rijiya. To a Kolorado ruwa yana da masu shi, wanda ya riga kamawa shi ke gaba. Filin da bai kai eka 35 ba, galibi izinin rijiyarsa na cikin gida ne kawai: sha, wanka, girki. Ba ban-ruwa, ba shayar da akuya. Ko ruwan indararonka, sai a 2016 doka ta yarje wa talaka ya tara, shi ma ganga biyu, galan 110. Ina so in ga ranar da za ka yi wa tunkiya bayanin wannan doka, don na san sai ka yi.

Ga sanyi. Wurin ya haura mita 2,000 a sama, lokacin da shuka ke tsira daga daskarewa bai wuce wata uku da 'yan kwanaki ba. Manoman can dankalin Turawa da sha'ir suke yi. Dawar tuwonka ba za ta nuna ba, kai kuwa da ɗarin Samaru ma riga uku kake sawa.

Shirin ko-ta-kwana kuma ba tarin waken gwangwani ba ne. A 2018 gobarar dajin Spring Creek ta cinye sama da eka 100,000 a wannan yanki, da gidaje fiye da 100. Hanya nawa ce ke fita daga filin naka? Wa ke share ta in ƙanƙara ta rufe? Asibitin Alamosa ya haura kilomita 60 daga garin San Luis na gundumar, kuma surutu ba ya tsayar da jini.

Gaskiya dai kana da ƙoƙari, ban raina maka ba. Kafin ka biya ko sisi, je ofishin gunduma ka ji sharuɗɗan gini da na ramin bahaya, don ko tanti ba a barin mutum ya daɗe a ciki ba izini. Sannan ka kwana a filin cikin Janairu, ba Yuli ba.

Ka gaishe min da uwargida. Ka ce mata in ji ni, ta ɓoye takardun gidan Denba.