Bargon Tuwo

Da an gama kaka a Dayi, masara ta shiga buhu, auduga ta kama hanyar Funtua, sai aure ya ɓarke. Kuɗi ya zo hannu, kowane saurayi ya tuna da alkawarin da ya ɗauka tun damina. Sai dai lokacin ne hunturu yake kan ganiyarsa, sanyin Disamba kuwa ba ya jin kunyar tuwon kowa.

Gwaggona ce mai girkin biki a unguwarmu, kuma tana da dokokinta. Kula sai an zuba mata tafasasshen ruwa an rufe ta ɗan jima, kada sanyin cikinta ya shanye zafin abinci. Malmalar tuwo a ƙulle ta a leda tun tana ƙona hannu, a jera har baki, don kular da aka bari rabi da wuri take hucewa. Waina ba a toshe ta ruf, tururi zai jiƙa ta ta saki jiki. Miyar taushe ce 'yar lele: da ta huce man shanu ya daskare a sama, ko almajiri sai ya yi tunani.

Ranar da za a kai abincin walima Malumfashi, kulolin aro suka ƙare. Gwaggo ta jera sauran tuwon a katon baho, ta rufe da buhu, ta naɗe da barguna har da na gadonta.

"Ka ga bargon nan? Ko Sarki ne ya tambaya, ka ce na tuwo ne."

"To, Gwaggo."

Muka hau bayan a-kori-kura da sassafe. Tafiyar ba nisa, amma direba ya tsaya a mararraba jiran fasinja, aka ɗan taɓa gaba taya ta yi faci. Iska tana kaɗawa, leɓe yana tsagewa. Wani dattijo kusa da ni, haƙoransa suna kaf-kaf, ya zuba wa baho ido.

"Yaro, bargon nan na waye?"

"Na tuwo ne, Baba."

"Tuwon yana da haƙarƙari ne?"

Mota ta kwashe da dariya. Gwaggo ta yi mini tanadin Sarki, ba ta yi mini tanadin tsoho mai tari ba. Ya janye na sama ya lulluɓa. Mai goyo ta ce, "Ɗan'uwa, dubi jaririn nan don Allah," na biyu ya tafi. Daga nan baho ya zama murhun jama'a: wannan ya jingina baya, wancan ya cusa ƙafa ƙarƙashin buhu, wani yaro ya haye kular miya ya ce gindinsa ya gode. Wani ma ɗaga murfin ya yi, wai tururi yana maganin mura.

Muka iso Malumfashi kowa ya ji ɗumi, ana ta sa mini albarka. Tuwo kuwa ya sandare, in ka jefi kare da shi sai ya yi ƙara.

Da aka zauna cin abinci, sai ga dattijon nan a tsakiyar tabarma, ana ta durƙusa masa. Ashe baffan ango ne. Ya gutsuri loma da ƙyar, ya tauna, ya yamutsa fuska, ya gyara bargon Gwaggo a kafaɗa.

"Mutanen Dayi akwai kirki," in ji shi, "amma ba su iya riƙe abinci da zafi ba."