Ranarka ta Farko da Tiren Katin 'Yan Ƙwallo

Ƙanena, tunda ka ƙudura sai ka gwada sayar da katin 'yan ƙwallo a Gawu Babangida, zauna ka ji abin da za ka tarar.

A Amurka manyan zauruka ake kamawa don baje kolin irin wannan kati, masu saye suna ƙare masa kallo kamar masu awon zinari. A 2022 an sayar da katin Pele na 1958 a kan fiye da dala miliyan ɗaya. Ka ji labarin, to bar shi a gida. Kai wurin baje kolinka ƙofar gidan kallo ce, Asabar ko Lahadi, awa guda kafin a take wasa, lokacin da kowa ke rantsuwa ƙungiyarsa ce za ta ci. Bayan an tashi, rabin masu sayenka sun sha kashi, ko sallamarka da ƙyar za su amsa.

Kafin ka fito, cire rigar ƙungiyarka. Mai tire ba shi da kulob. In ka sa ta Arsenal, ɗan Chelsea zai tsaya maka a ka yana tuna maka 2012 da 2021, shekarun da suka ɗauki kofin Zakarun Turai, ya tare wa mai saye hanya, ya wuce bai taya ko ɗaya ba. Kada kuma ka jera Messi kusa da Ronaldo. Sa Kante a tsakaninsu, shi ba mai faɗa da shi.

Maƙiyan kati uku ne: ƙurar hunturu, gumi, da man ƙosai. Kowane kati ka sa shi a 'yar ledarsa, ka danne da dutse saboda iska. Wanda duk ya miƙo hannu yana sheƙi, yi masa murmushi ka ce, "Yallaɓai, bari in riƙe maka." Katin da kusurwarsa ta lanƙwashe ya zama na kyauta.

Abin da na fi so ka kula da shi, namu na gida. Su za ka sa a gaba. Ahmed Musa, wanda ya taka leda a Kano Pillars, ya zura wa Ajantina biyu a 2014, ya ƙara wa Aisilan biyu a 2018, ba sai ka yi masa talla ba. Osimhen da Lookman na samari ne, gwarazan Afirka na 2023 da 2024. Amma in Allah ya haɗa ka da katin Rashidi Yekini, ajiye shi sai ka hango mai furfura. Ka ce, "Baba, ga mutuminku." Zai karɓa da hannu biyu, ya ba ka labarin 1994, ranar da Yekini ya ci wa Najeriya ƙwallonta ta farko a Kofin Duniya a ragar Bulgeriya, ya damƙi raga yana jijjigawa, aka tashi uku da nema. Saurara har ƙarshe, kada ka katse shi da maganar kuɗi. Da kansa zai ce, "Ɗana, nawa?"

Sai gaskiya. Akwai na asali irin na Panini, kamfanin Italiya da ke fitar da kundin Kofin Duniya tun 1970, sunan kamfanin da lamba suna bayan hoton. Akwai kuma wanda aka buga a shagon kwamfuta a Suleja. Duka biyun abin sayarwa ne, amma ka faɗa da bakinka: "Wannan bugun gida ne." Gawu gari ne da kowa ya san gidan su kowa, gobe a kasuwar Lambata za ku haɗu.

Tanadi canji tun daga gida. In aka yi maka tayin da bai kai ba, "albarka" ta ishe ka, ba sai ka ɗaure fuska ba. Wanda ya ce ka ba shi sai an tashi wasa ya biya, tambaye shi wace ƙungiya yake goyon baya, ka duba da wa za su kara.

Yara za su zo da nasu suna neman musaya, uku da suka sha aljihu a kan naka sabo ɗaya. Ware musu 'yan tsofaffi a gefen tire, ka bar su su zaɓa da kansu.