Mudun Auna Haukan Masoya

A shekarar 2002 wasu masana halayyar ɗan Adam, Lynn McCutcheon da abokan aikinsa, suka ƙera mudun auna yadda mutum ya zauce a kan wani shahararre. Tambayoyi ne a takarda, ka ce ka yarda ko ba ka yarda ba. In an tara maki sai a faɗa maka matsayinka: ko sha'awa ce ta hira, ko abin ya shiga jini, ko kuwa lokaci ya yi da dangi za su zauna a kanka. Sai dai kowace kasuwa da mudunta.

Ɗauki mai madara. A jihar Tamil Nadu ta Indiya, ranar da fim ɗin Rajinikanth zai fito, sai a kafa hotonsa na katako wanda ya fi bene tsawo, saurayi ya ɗare can ƙololuwa ya tuttula masa madara a ka. Yaro na gida yana shan koko gaya, katako na wanka da madara. Wace tambaya ce za ta kamo wannan?

Na Ajantina kuwa coci suka kafa sukutum a birnin Rosario a 1998, da sunan Maradona, suna ƙirga shekara daga 1960 da aka haife shi. Allah ya kyauta.

Akwai mai bin sawu, wanda a Koriya ta Kudu ake kira sasaeng. Ya yi shatar tasi wuni guda yana bin motar mawaƙi, ya sayi kujera a jirgin da zai hau. A garinmu wannan ɓarawo za a kira shi, a tara masa jama'a. Sai mai zaman makoki: mawaƙi Elvis Presley ya mutu tun 1977, amma duk watan Agusta ana cika ƙofar gidansa a Memphis da kyandirori.

Namu na gida shi na fi sani, ɗan gidan kallon ƙwallo. Rigarsa mai lamba bakwai ta koɗe har lambar ta fara ɓarewa. Bai taɓa wuce Zariya ba, amma "mun saya", "mun sayar", "ba za mu biya wannan kuɗin ba". Ya san albashin Ronaldo na mako har kwabo, bai san bashin da mai shayi ke binsa ba. Ka zagi kawunsa, ya yi dariya. Ka ce gwaninsa ya tsufa, ya tuɓe riga. Ranar da aka ci su, uwargida ta san tuwon zai kwana.

Ni dai na duba tambayoyin nan, na ga lafiyata ƙalau, ba ni cikin ko ɗaya. Amma mai riga lamba bakwai ya ji da kyau: Messi ya fi.