Jikokin Kanta a Gaban Kanta

Da an koma makaranta, leƙa kowane banki a Birnin Kebbi ko Argungu ka sha kallo. Benci cike da ɗalibai, na Jami'ar Tarayya, na Waziri Umaru, na Kwalejin Adamu Augie, kowa ya rungume fayil kamar jinjiri. Tun da NELFUND ta buɗe neman bashin karatu a watan Mayun 2024, da naira dubu ashirin na kashewa duk wata, har wanda ke ajiya a ƙarƙashin katifa ya tuna da banki. Abu ɗaya ake nema a wurinka: ka tabbatar cewa kai ne kai. Na yi wuni biyu a wannan benci, kuma wallahi aikin ya fi su da homa wuya.

Shugaban layi shi ne Mai Suna Biyar. A gida Garba yake, abokai na ce masa Buba. JAMB ta san shi da Abubakar Muhammad Kamba, katin ɗan ƙasa ya ce Mohammed Abubakar, BVN kuwa, wadda aka yi masa a wani shago, ta ce Abubakar Mamman. Duk yaron da ke tallan goro ya san Mamman da Muhammadu da Mohammed mutum ɗaya ne. Kwamfuta ce kaɗai ba a gaya wa ba.

"Malam, wanne ne sunan mahaifi?"

"Mamman."

"To Kamba fa?"

"Garinmu na."

"Me garinku yake yi a gurbin mahaifinka?"

Garba ya yi shiru, don hedimasta ne ya sa shi a wurin tun aji ɗaya, shi kuma ya riga mu gidan gaskiya. BVN ta zo a 2014 da lambobi goma sha ɗaya, NIN ma goma sha ɗaya ce, tun 2021 kuma JAMB ba ta yi wa kowa rajista sai da NIN. Lambobi ashirin da biyu ke nan suke gadin mutum ɗaya, kuma ba sa ga maciji da juna.

A bayansa akwai 'yan ɗaya ga Janairu. In ka bi takardu, a wannan rana ungozomomin Kebbi ba sa ko shan ruwa. Ka tambayi uwar ɗayansu, za ta ce an haife shi da sanyin safiya, shekarar da aka shiga Matan Fada kifi ya yi arha. Wani yana da ranar haihuwa uku: ta gaskiya, ta makaranta, da wadda aka rage wa shekara biyu don kada ya haura talatin bautar ƙasa ta wuce shi. Maganinsa takardar rantsuwa daga kotu, inda kawun da yake ci-rani a Kwatano lokacin haihuwar zai rantse cewa a gabansa aka yi.

Sai wanda yatsunsa suka yi masa tawaye. Hutun nan kaf a fadama ya yi shi, ruwa da lauje sun shafe zanen. Ya dangwala, na'ura ta ƙi. Ya goga yatsa a goshi, ya hura masa iska, ya yi bisimilla. Kusa da shi amarya ce da lalle har wuyan hannu, ita ma na'urar ta ce ba ta taɓa ganin ta ba.

Wanda ya fi ba ni tausayi shi ne Mai Layin Aro. Da layin yayansa aka yi masa BVN, yayan kuma ya kai albasar Aliero kasuwar Mile 12 a Legas. Banki ya tura lambar sirri, mai mutuwa cikin 'yan mintuna. Ya kira. To wa zai ce wa yayansa "karanto min lamba" babu gaisuwa? Ina kwana, Yaya. Ya hanya, ya kasuwa, ya mutanen Ikko. Yaya ma ya tambayi Inna, ya tambayi akuyar da ta haihu. Kafin a iso kan lamba, ta cika. Sau uku ana haka.

Mai adireshi bai daɗe ba. Ya rubuta "bayan masallaci, gidan mai dogonyaro", ya haɗa da takardar NEPA mai sunan wani marigayi.

Gab da azahar Baba ya shigo, ya rako 'yarsa daga wani ƙauyen Argungu. Ta buɗe ƙaramin asusu ta waya, irin wanda ba ya riƙe fiye da dubu ɗari uku, shi kuma ya sayar da shinkafa ya tura mata kuɗin makaranta da na haya a dunƙule, kuɗi suka maƙale. Sai an ɗaga asusun, sai an kawo shaida.

"Shaida? Ni na haihe ta. Wace shaida ta wuce wagga?"

Ya zaro takardar haraji mai tambarin Jihar Sakkwato, tun kafin a yanke Kebbi a 1991. Ba ta yi ba. Ya juya kumatu ya nuna tsagen Kabawa, katin da wanzami ya buga masa, wanda bai taɓa ɓata ba balle a sabunta. Ya ce a kira maigari. Ma'aikacin, wanda ashe ɗan ƙauyensu ne, ya russuna.

"Baba, ni na san ka. A ƙofar gidanka na yi karatun allo. Kwamfuta ce ba ta san ta ba."

Baba ya leƙa ta saman kanta, ya daɗe yana duban allon.

"To ita kwamhutar, ɗiyag gidan wa ta?"