Asabar Ɗaya, Biki Huɗu

Duk auren da aka ɗage saboda azumi, makon bayan ƙaramar Sallah yake sauka. Ma'aikacin da ya zo hutu daga Abuja ko Legas sai ya tarar da katin gayyata huɗu a WhatsApp: ɗaurin aure a Bodinga, walima a Sifawa, wani a Danchadi, na ƙarshe can Shagari, duk Asabar, duk ƙarfe 11 na safe. A tsibiran Hawai na Amurka baƙi kan sayi tikiti su zaɓi liyafar da ake kira luau, su ci naman da aka gasa a rami, su kalli rawa, ba wanda zai ƙullace su. Nan kuwa wanda ka ƙi zuwa nasa zai riƙe ka a zuci har wata Sallar. Abin dariyar shi ne, da wuya ka ga wanda ya yi zaɓinsa don ango da amarya.

Akwai mai lissafin tukunya. Shi bai san sunan ango ba, bai kuma nema ba. Tun daren Juma'a zai kira ɗan'uwansa: "Yaya, can Danchadi sa anka kayar ko akuya?" In aka ce sa, magana ta ƙare. Yana gane gidan da aka dafa shinkafa da gidan da za a sallami mutane da goro da dabino tun daga hayaƙin bayan gida. A aljihun babbar rigarsa akwai baƙar leda a ninke huɗu, wai ta yara ce.

Ɗan Abuja tambayarsa daban: akwai rumfa? Akwai kujeru da ruwan roba mai sanyi? Gaskiyar maganar, wurin da motarsa za ta tsaya a gan ta yake nema. Hoce da fura da nonon da suka raine shi yanzu sai ya ce suna tayar masa da gyambon ciki.

Kusa da shi akwai mai bin manya, wanda ba ya barin gida sai ya ji inda ciyaman ko ɗan majalisa zai sauka. Wannan in ya kuskura ya faɗa Shagari yakan sha mamaki. Garin da ya haifi Alhaji Shehu Shagari, Turakin Sakkwato, wanda ya mulki Najeriya daga 1979 zuwa 1983, kuma can aka binne shi a Disambar 2018, ba ya miƙewa tsaye don kansila ya shigo. Tsofaffi su amsa sallama, su ci gaba da taunar goronsu.

Amma duk cikinsu Hajiya mai littafi na fi girmamawa. Littafin na gaske ne, irin na 'yan firamare, bangonsa ya sha man girki, yana ƙasan adaka. A ciki akwai wadda ta kawo mata turmin atamfa ranar auren 'yarta ta fari, da wadda ta kawo kwanon samira ɗaya tilo alhali ita ta kai mata saiti, da wadda ta aiko da gaisuwa kawai. In jikarta ta ce, "Inna, bikin Bodinga ya fi kusa," sai ta lashi yatsa ta buɗe shafi. "Kusa ga wa? Ta Shagari ta kwana ukku gidanga tana tuƙa tuwo." Ko hanya ta yanke za ta je Shagari, da ankonta, da gudunmawar da ta ɗara wadda aka kawo mata da kaɗan, don a san ta tuna kuma ta fi.

Ustazu walima kaɗai yake zuwa, ya kuma zaɓi ta Sifawa, domin can Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya zauna kafin ya koma Sakkwato a 1815, ƙanensa Malam Abdullahi yana Bodinga. Zai faɗa maka haka sau uku kafin a kawo masa. Sai dai kullum tabarmarsa tana jikin katangar da kalangun mata ke tashi a bayanta, babban yatsan ƙafarsa yana aikinsa a ƙarƙashin jallabiya.

Wani kuma maroƙa yake gudu, don haka yana neman bikin da ba wanda ya san sunan kakansa. Ba ya samu.

Sai mai raba ƙafa, wanda bai yarda taura biyu ba ta taunuwa ba, balle huɗu. Ya ɗauki shatar ɗan kabu-kabu tun safe. Ya isa Bodinga ba a taru ba, ya isa Sifawa an shafa fatiha, a Danchadi ya tarar ana wanke tukwane. La'asar sakaliya ya shiga Shagari, hula ta yi ja da ƙura, ana naɗe tabarmi. Uban ango ya riƙe hannunsa ya ce, "Kawu, ai mun ɗauka ba ka gari," ya ciro goro ɗaya ya ba shi. Ɗan kabu-kabu na bakin ƙofa yana lissafin kuɗin mai da na jira.